Askata ta sitenles tana yanka takarda amma tana jan gemu, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Jos nake zaune. Na sayi aska mai naɗewa, an rubuta INOX a jikinta. Na wasa ta a dutsen wuƙa mai fuska biyu da na saya a Taminus, sannan na goga ta a tsohon bel ɗina. Tana yanka takarda sumul, amma da na ɗora ta a kumatu sai ta riƙa jan gashi, fuska ta yi ta raɗaɗi. Wani ya ce min ƙarfen sitenles ba ya ɗaukar kaifi, in jefar da ita kawai. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka jefar da ita tukuna. Maganar cewa sitenles ba ya ɗaukar kaifi ba daidai ba ce. Maƙeran garin Solingen na ƙasar Jamus, irin su Dovo da Böker, sun daɗe suna ƙera askar sitenles, haka ma Henckels sun ƙera tasu mai suna Friodur, kuma aski suke yi tas. INOX da ka gani, da Rostfrei da ake rubutawa a jikin wasu, ma'anarsu ɗaya: ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Abin da ya raba shi da baƙin ƙarfe shi ne sinadarin kuromiyam, wanda sai ya kai kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe sitenles, a ƙarfen aska kuma yawanci yakan kai wajen kashi 13. Wannan kuromiyam yana haɗuwa da kabon ya zama 'yan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen, shi ya sa dutse ba ya cin sa da sauri. Na biyu kuma, ɗan siririn leɓen ƙarfe da ke lanƙwashewa a bakin aska lokacin washi yana da naci a sitenles: maimakon ya karye ya faɗi, sai ya yi ta kwantawa dama da hagu. Abu biyun nan ne suka jawo masa baƙin suna. Yana ɗaukar kaifi, lokaci kawai yake ci fiye da baƙin ƙarfe.

Sai dai akwai gaskiya kaɗan a maganar mutumin. Kasuwa cike take da askake masu ƙyalli da araha, marasa sunan maƙeri, waɗanda ba a ba ƙarfensu tauri yadda ya kamata ba. Irin waɗannan ko ka kwana kana washi, bakin naɗewa zai yi a ja na farko. Yadda za ka gane ko taka tana cikinsu zai zo a ƙasa, domin ba a yanke hukuncin sai an yi mata washi na gaskiya ko sau ɗaya ne, kuma taka ba a yi mata ba.

Yanka takarda ba shaida ba ce. Wuƙar da bakinta ke da haƙora irin na zarto ma tana yanka takarda, kuma abin da dutsenka ya mai da askar ke nan. Dutsen wuƙa mai fuska biyu na kasuwa lambarsa ba ta cika wuce 120 da 240 ba. Ana ƙirga laushin dutse da lamba, iya girman lambar iya laushinsa, kuma washin aska daga 1000 yake farawa. Ka ga ke nan dutsen da ya fi kowanne kaushi a aikin aska ya ninka naka laushi sau huɗu. Ka mayar da shi kicin, can ne wurinsa. Haka kuma kada ka miƙa askar ga masu wasa wuƙa da inji. Bakin aska ya yi sirantar da zafin inji na 'yan daƙiƙu ya isa ya kashe taurinsa, kuma idan ya mutu ba a dawo da shi da washi.

Kafin ka taɓa dutse, ka fahimci ƙirar abin da ke hannunka. Aska tana da doro, wato bayanta mai kauri, da baki, da dunduniya kusa da mariƙi, da kai a can ƙarshe. An fafe cikinta ta kowane gefe, don haka idan ka kwantar da ita a kan dutse wuri biyu ne kawai ke taɓawa: doro da baki. Kaurin doron shi ke tsayar da kusurwar washi, ba hannunka ba. Askar da faɗinta ya kai milimita 16 kuma doronta milimita 4.5 tana ba da kusurwa wajen digiri 16, alhali wuƙar kicin takan kai 30 zuwa 40. Wanda ya saba wasa wuƙa yakan ɗaga bayanta kaɗan. Idan ka yi wa aska haka, ka ɓata kusurwar, kuma ina kyautata zaton ka yi hakan a dutsenka, domin hannu abin da ya saba yake yi. A washin aska doro ba ya barin dutse ko da ƙiftawar ido.

Kayan aiki: duwatsun ruwa lamba 1000, sai 3000 ko 4000, sai 8000. Lamba 12000 ƙari ne mai daɗi a fuska, amma 8000 mai kyau ya isa aski. Sunayen da aka sani su ne Naniwa, Shapton da King daga Japan, da Norton na Amurka mai fuska biyu 4000 da 8000. Ga sitenles na fi son duwatsun masana'anta a kan na halitta irin Arkansas, saboda sun fi saurin cin ƙarfen kuma lambarsu sananniya ce. Ka yi hattara da duwatsu masu araha da ake bugawa 8000 a kwalinsu alhali laushinsu bai kai rabin haka ba. Idan ka shafa yatsa ka ji ɗan gurzo, ba 8000 ba ne.

Wanda bai samu dutsen 1000 ba zai iya fara aikin da samfefar ruwa, irin ta masu fentin mota, a shimfiɗe a kan gilashi mai kauri. Amma lambar samfefa daban take da ta dutsen Japan: samfefa lamba 2000 ita ce ta yi kusa da dutse lamba 1000. Tana yin matakin farko, ba ta gama aska.

Dutse, ko sabo ne, sai an daidaita fuskarsa. Ka samo gilashi mai kaurin milimita 8 zuwa 10 wajen masu yankan gilashi, ko tayil mai santsi da ka tabbatar a miƙe yake. Ka jiƙa samfefar ruwa lamba 320 ko 400 ka manna a kai. Ka zana layuka da fensir a fuskar dutsen tsaye da kwance, ka kifa shi a kan samfefar ka yi ta gogawa da ruwa har layukan su ɓace gaba ɗaya. Inda fensir ya rage, nan ne kwarmi. Bayan haka ka ɗan kashe kaifin gefunan dutsen, domin gefe mai kaifi yana ɓantare bakin aska. Dutsen King yana son a jiƙa shi minti 10 zuwa 15, har kumfa ta daina fita. Shapton da yawancin Naniwa yayyafi kawai suke so, wasu ma tsagewa suke yi idan suka daɗe a ruwa. Kada ka sa mai a kan dutsen ruwa, kuma kada ka shanya shi a rana, musamman da hunturu. A inuwa yake bushewa a hankali.

Sauran ƙananan kaya uku ne. Baƙin salatif na masu aikin wuta, a liƙa shafi ɗaya a kan doro don kada dutse ya cinye shi yayin da hannu bai saba ba. Idan ka fara da salatif, da shi za ka gama dukkan duwatsun, kuma ka canza shi duk lokacin da ya siɗe, in ba haka ba kusurwar za ta riƙa sauyawa ba ka sani ba. Sai baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki da ake rubutu da shi a jikin kwali. Sai ɗan gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin wanda masu cinikin duwatsu masu daraja a nan Jos ke dubawa da shi. Ba ya tsada, kuma shi ne zai hana ka aiki da zato.

Yanzu ga inda kaifi yake samuwa, kuma nan nake so ka fi natsuwa. A bakin aska akwai 'yan siraran gangare biyu, ɗaya kowane gefe. Kaifi ba komai ba ne illa haɗuwar gangaren nan biyu a layi guda, tun daga dunduniya har kai, ba tare da wani fili ya rage a tsakaninsu ba. Wannan haɗuwa a dutse lamba 1000 ake yin ta. Duwatsun da ke biye share ƙarce kawai suke yi. Idan gangaren ba su haɗu a 1000 ba, ko ka shekara a kan 12000 abin da za ka samu shi ne aska mai ƙyalli kamar madubi wadda ba ta aski. Mafi yawan askaken da ake kuka da su, sitenles ko baƙin ƙarfe, nan aka yi musu gaggawa.

Tunda askarka ta sha dutse mai kaushi, fara da share haƙoran. Ka ja bakin a hankali sau ɗaya ko biyu a kan leɓen kofin gilashi, ba danni. Zai dakushe, kuma abin da ake so ke nan: duk kaifin da ka samu daga baya, ka san naka ne na gaskiya. Ka shafa maka a gangaren biyu. Ka zuba ruwa a dutse, ka kwantar da askar, doro ya fara sauka sannan baki. Ka tura ta gaba, baki na jagora, kamar mai son yanke ɗan siririn ɓawo daga fuskar dutsen, kana jan ta kaɗan a karkace yadda dunduniya za ta fara, kai ya ƙare. Idan ka kai ƙarshen dutse, ka tsaya cak, ka mirgina askar a kan doronta, baki ya bi ta sama, sannan ka dawo da ɗaya gefen. Zuwa da dawowa shi ne sawu ɗaya, kuma ja biyun nan suna zana alamar X a kan dutsen. Mirginawa ta kan baki tana kashe aikin minti goma a lokaci guda.

Bayan sawu 5, ka share ka duba makar. Inda ta goge, dutse na taɓawa. Inda ta rage, ba ya taɓawa. Idan ta rage a can ƙarshen baki, alamar an taɓa ɗaga doro ke nan, kuma aiki na gabanka, domin sai ka cinye ƙarfen da ke bayan wurin kafin dutse ya isa bakin. Idan ta rage a dunduniya, duba ko kafaɗar askar, wato wurin da ya yi kauri kusa da mariƙi, tana hawa dutse tana ɗaga bakin. Maganinsa ka karkata askar, dunduniya ta riga kai da kamar digiri 30 zuwa 45. Idan gefe ɗaya ya goge a tsakiya, ɗayan kuma ya goge a kai da dunduniya, askar tana da ɗan lanƙwasa. Ba ta lalace ba. Sai ka riƙa gangaro da nauyin hannu daga dunduniya zuwa tsakiya zuwa kai a cikin ja ɗaya, kana lura da ruwan da ke gudana gaban baki: inda ruwa ke hawa kan askar, nan ne ke taɓawa.

A wannan dutse kaɗai aka yarda da ɗan danni, shi ma bai wuce nauyin da za ka sa in kana goge rubutun fensir ba. Dalili kuwa, cikin aska siriri ne, yana lanƙwasa. Idan ka danna da ƙarfi, bakin ɗagawa yake yi daga dutse, sai ka yi ta cin bayan gangare, asalin bakin yana sama bai san ana yi ba. Alamarsa gangare mai faɗi a wani wuri, siriri a wani. Don saurin aiki kana iya yin 'yan da'ira 20 a gefe ɗaya, 20 a ɗayan, sannan sawu 20 na X don daidaitawa, ka duba, ka maimaita. Askar sitenles da ta sha wahala kamar taka tana iya cin zagaye 5 ko fiye na haka. Kada ka ƙosa. Idan fuskar dutsen ta yi baƙi da garin ƙarfe, ka wanke, domin sitenles yana saurin toshe dutse, kuma toshasshen dutse santsi yake yi ba ci ba.

Ta yaya za ka san sun haɗu? Kada ka dogara da ƙirga, ka gwada ta hanya uku. Ka riƙe askar baki sama a ƙarƙashin fitila ka dubi layin bakin kai tsaye: bakin da ya haɗu ba ya mayar da haske, duk inda ka ga ɗigon ƙyalli akwai saura. Ka jiƙa farcen babban yatsa ka ja bakin a kai a hankali: ya kamata ya kama farcen daidai wa daida tun daga dunduniya har kai. Inda ya zame bai haɗu ba, inda ya yi karo akwai ɓantara. Wannan gwaji yana ɗan taɓa baki, don haka a lamba 1000 kawai ake yin sa, a bi shi da sawu 10. Na uku, askar ta aske gashin hannu a jikin fata cikin sauƙi, kuma ka gwada dunduniya daban, tsakiya daban, kai daban. Mutane sukan gwada tsakiya kawai su wuce, sai ranar aski kan askar ya ƙi cin gefen gashin baki.

A nan ne za ka yanke wa askar hukunci. Idan ta aske hannu, ka duba da gilashi ka ga layi miƙaƙƙe, ƙarfen kirki ne. Idan kuwa duk lokacin da bakin ya kusa haɗuwa sai ya marmashe, ko ya naɗe bayan ja biyu a gashin hannu, kuma ka sake sau biyu ko uku haka take yi, to ƙarfen ne ba shi da tauri. Wannan kam ka haƙura da ita, ka riƙa koyon hannu a kanta.

Kafin ka bar lamba 1000, ka rabu da leɓen nan mai naci. Ka yi sawu 15 zuwa 20 ba danni ko kaɗan, nauyin askar kawai. Sannan ka goga ta sau 10 a yadi mai kauri, doro na gaba, ka sake duba da gilashi. Idan kana ganin wani siririn zare mai haske a bakin, yana nan. Ka ja bakin a hankali sau ɗaya a jikin itace mai laushi, ka koma dutse da sawu 10 marasa nauyi. Leɓen da aka tafi da shi dutse na gaba yaudara yake yi: yana aske hannu da kyau, amma da ya haɗu da gemu sai ya karye ya bar baki mai gurzo. Yawancin masu cewa askar sitenles tana mutuwa a tsakiyar aski, wannan ne ya same su.

Daga nan aikin ya yi sauƙi. Ka wanke askar da hannunka kafin kowane sabon dutse, saboda ƙwaya ɗaya ta dutse mai kaushi ta isa ta ƙarce aikin mai laushi. A 3000 ko 4000, sawu 40 zuwa 60, har ƙarcen 1000 ya ɓace a gilashi. A 8000, sawu 30 zuwa 40 da nauyin aska kawai, gangaren zai fara ƙyalli, kuma askar za ta fara kama gashin hannu a sama da fata ba tare da ta taɓa jiki ba. A 12000, sawu 20 zuwa 30. Idan ka ji askar tana ɗan mannewa da dutse kamar ana tsotsar ta, ka kusa gamawa, ƙari bayan haka ba ya amfani. Waɗannan adadi ma'aunin farawa ne, gilashi da gashin hannu su ne alƙalai.

Wasu suna ƙarawa da koren garin kuromiyam mai laushin rabin maikuron (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a shafa kaɗan a kan wata fata daban ko itace mai laushi da aka daidaita, a ja sau 5 zuwa 10. Yana tausasa bakin sitenles sosai. Amma koren sandan da ake shafa wa injin goge ƙarfe ba shi ba ne, sau da yawa gauraye yake da gari mai kaushi. Kuma kada garin ya taɓa fatar da kake goga aska a kanta kullum, domin ba ya fita.

Sai fata, wato wadda ake goga aska a kanta bayan washi da kafin aski. Fata ba ta wasa aska. Abin da take yi shi ne miƙar da bakin da gashi ya ɗan tanƙwara, da share datti da ragowar leɓe. Aska mai kaifi takan ƙara daɗi a fata, dakusasshiya kuwa a yadda take za ta fito. Bel ɗinka bai dace ba saboda dalili uku: yana da ɗinki ko ramuka, fuskarsa fenti ne ko roba ba ainihin fata ba, kuma ya riga ya kumbura a tsakiya ko ya lanƙwashe da ɗauri. Abin da kake buƙata fatar saniya ce jemammiya, mai santsi, marar tabo ko ƙulli, faɗinta santimita 6 zuwa 7.5, tsawon wurin gogawa kamar santimita 40 zuwa 45, kaurinta wajen milimita 3. Masu aikin fata a Naraguta za su iya yanka maka, ka dai ce ba ka son ado, ba ka son bugun zane ko fenti a fuskarta. A sa zobe a kai ɗaya, mariƙi a ɗayan. Ka haɗa da yadi mai kauri na auduga daidai girmanta. Ga mai koyo, na fi son a manna fatar a kan katako miƙaƙƙe da gam, domin hakan ya kawar da matsalar sakwarkwacewa gaba ɗaya.

Idan ta rataye ce, ka ɗaura ta a wuri mai ƙarfi daidai ƙugu, ka ja ta ta miƙe, ba har ta yi kamar tsirkiyar baka ba, amma kada ta yi ciki. A fata doro ne ke gaba, baki na biye, akasin dutse. Ka kwantar da askar doro da baki duka suna taɓawa, ka ja, nauyin askar kawai. Ka riƙe wuyanta tsakanin babban yatsa da manuniya, ka mirgina ta da yatsu kamar fensir, wuyan hannu bai motsa ba. Mirginawar a kan doro take, kuma ga sirrin da ke hana yanka fata: kada baki ya sauka sai hannu ya riga ya fara komawa. Wanda ya sauke baki alhali askar na ci gaba da tafiya inda ta nufa, ya yanki fatarsa. Idan faɗin fatar bai kai tsawon baki ba, ka yi X kamar a dutse. Sawu 20 a yadi, 40 zuwa 60 a fata, kafin kowane aski. Bayan sabon washi ka kai 80. Tsohon wanzami yana yi da sauri ne saboda shekaru sun zauna a hannunsa, kai ka yi sawu ɗaya a daƙiƙa biyu, babu abin da ya ragu.

Kuskure biyu ne ke mai da fata abokiyar gaba. Ɗaga doro ko barin fata ta yi ciki yana sa ta naɗo bakin ta dunƙule shi, sai askar ta fito ba ta cin gashi. Danni ma haka yake yi. Ka saurari sauti: ja mai kyau yana ba da sauti ɗaya a zuwa da dawowa, idan gefe ɗaya ya fi ƙara to hannunka ya karkace. Idan ka ɗan yanki fatar, ka manne ɓallin da gam, in ƙarami ne ka goge shi da samfefa lamba 600, sannan ka share sosai da ɗanyen tsumma don kada yashi ya rage.

Yanayin Jos yana da ruwa da tsaki a nan. Da hunturu iska na busar da fata har ta yi tauri, ƙura kuma na sauka a kanta, ƙurar nan kuwa yashi ce mai ƙarce baki. Ka riƙa ajiye fatar a rufe, kuma kafin kowane amfani ka goge ta da tafin hannu sau 15 zuwa 20 har ta yi ɗumi. Maiƙon hannu ya ishe ta yawancin shekara. Idan ta bushe ƙwarai, ɗan man kaɗe kamar ƙwayar shinkafa, a narke a tafin hannu a shafa ko'ina, a bar ta ta kwana. Man gyaɗa yana ɗoyi, mai da yawa kuma yana sa fata danƙo ta riƙa kama ƙura. Da damina kuwa funfuna ce matsala, sai a rataye ta inda iska ke ratsawa, ba a banɗaki ba.

Gwaji na ƙarshe a fuska yake. Ka jiƙa gashi da ruwan ɗumi minti 2 zuwa 3, ka yi kumfa mai ruwa-ruwa. A sanyin Jos kumfa na saurin bushewa, don haka ka shafa gefe ɗaya ka aske kafin ka shafa ɗayan. Ka ja fatar fuska ta miƙe, ka kwantar da askar yadda tazarar doro da kumatu ba za ta wuce kaurin doron ɗaya zuwa biyu ba, ka bi kwanciyar gashi. Mai murɗaɗɗen gashi ya guji askin da ya saɓa wa kwanciya, musamman a wuya, domin shi ke jawo ƙurajen aski. Idan askar na jan gashi ko'ina, gangare ba su haɗu ba, ka koma 1000. Idan wuri ɗaya ne kawai, maka za ta nuna maka shi. Idan tana cin gashi amma tana barin raɗaɗi, ko ƙarce ya rage, ko leɓe, ko ka tsayar da ita da yawa a fuska: ka koma 8000 da sawu 20, ka ƙara fata, ka kwantar da hannu. Idan ta yi daɗi kwana biyu sannan ta mutu, ka binciki yadda kake goga ta a fata kafin ka zargi dutse.

Da zarar baki ya zauna, ba ka komawa 1000 sai in ya ɓantare. Mai aski sau uku a mako yakan yi wata biyu ko uku da fata kaɗai. Ranar da ta fara ja duk da fata, sawu 10 zuwa 15 a dutsenka mafi laushi sun isa, da salatif in da shi aka wasa ta.

Sitenles ma yana tsatsa idan aka bar shi da ruwa, musamman a mahaɗar mariƙi da can ƙarshen baki. Bayan aski ka ɗauraye, ka share da tsumma daga doro zuwa baki ba tare da ka bi tsawon kaifin ba, ka ja sau 10 a yadi don bakin ya bushe, ka bar ta a buɗe kaɗan inda yara ba sa kaiwa. Ɗigon man keken ɗinki a mahaɗa sau ɗaya a wata ya isa. Kada ka jiƙa ta a ruwan bilic, yana huda sitenles da ƙananan ramuka. Kada kuma ka kara mata wutar laita kamar yadda ake yi wa kilifa, zafin yana kashe bakin. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 ya isa goge askar mutum ɗaya.

Ka lura na ce ta mutum ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda ko fiye a busasshen jini, kuma fatar goga aska ba ta wankuwa: duk abin da aska ta ɗauko, a kanta take saukewa. Askarka da fatarka naka ne kai kaɗai, ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya kada ka ara masa. Idan kuwa niyyarka ka yi wa jama'a aski a shago, ka nemi aska mai cin reza, a ɓare sabuwa a gaban kowane mutum, a jefa tsohuwar a gwangwani mai murfi.